Suna linzami: Kalmar 'jijiya' da marasa lafiyar Birnin Kudu da Gwaram

Hausawa sun ce suna linzami ne. Galibi a kan sunan mutum ake faɗar haka, amma maganar ta fi zama daram a kan sunan cuta. Sunan da aka kira ciwo da shi ne ke yanke wa iyali shawarar inda za su dosa: asibiti, ko kemis ɗin bakin kasuwa, ko gidan mai magani, ko kuwa a shimfiɗa wa majiyyaci tabarma a ɗaka a ce bari a ga abin da gobe za ta yi.

A ganina babu inda wannan linzami ya fi karkatar da mutane kamar a cututtukan ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi. Dalili biyu ne. Na farko, cututtuka ne da ba su jiran kowa, jinkirin sa'o'i kaɗan kan raba mai tashi da ƙafarsa da mai kwanciyar shekaru. Na biyu, a kansu ne kalmominmu suka fi cakuɗewa.

Birnin Kudu ta isa a yi wannan magana a kanta. Garin yana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da aka fi sani da FMC, yana kuma da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jiha. Marasa lafiya na zuwa daga Sundimina da Wurno da Kantoga, daga Gwaram da Sara da Basirka da Fagam, har da maƙwabtan garuruwan Jihar Bauchi. Yawancinsu da Hausa ko Fulatanci suke kawo kukansu. Ma'aikacin da zai saurare su kuwa da Turanci ya yi karatu, da kalmomin da aka tono daga Girkanci da Latin. Sau da yawa shi ma ɗan gida ne, amma da wuya ka samu an taɓa zaunar da shi an koya masa yadda zai mayar da abin da ya haddace zuwa harshen da ya sha a nono. Don haka kowa da irin fassarar da yake ƙagowa a bakin gado.

Kalma ɗaya, kaya huɗu

Mu ɗauki kalmar 'jijiya'. Wadda ma'aikaciyar jinya ke lalube a bayan hannu don sa ƙarin ruwa, jijiya ce. Wadda ke harbawa a wuyan hannu, jijiya ce. Farar igiyar nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, wadda ke gagarar haƙori a cikin tsire, jijiya ce. Siririn zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ɗan yatsa, shi ma jijiya muke ce masa.

To idan dattijo ya taso daga Kila ya ce ciwon jijiya ke damunsa, me yake nufi? Mai yiwuwa targaɗe ne. Mai yiwuwa ƙashin baya ne ya danne zaren saƙo, zafi na tsarga masa daga ƙugu zuwa diddige. Mai yiwuwa kuma ciwon suga ne ya daɗe yana cin zaren ƙafafunsa, har ta kai takalmi na zamewa bai ji ba, ƙaya ta soke shi bai sani ba. Kowanne da maganinsa, na ƙarshen kuwa idan aka yi sake yana iya zama gyambon da sai an yanke ƙafa. Amma idan su uku suka je kemis, mai yiwuwa ne ƙwayar kashe zafi iri ɗaya za a miƙa musu, tunda suna ɗaya suka kawo.

Haka abin yake ta ɓangaren likita. Idan ya ce wa iyali "jijiyarsa ce ta taɓu", kowa sai ya fassara da abin da ya sani. Wani ya ji jini ake nufi, ya kira wanzami a yi ƙaho. Wani ya ji agara ake nufi, ya nemi maɗori a ja a murza. Likita bai faɗi ƙarya ba, iyali ma ba su ƙi bin shawara ba. Kalmar ce ta raba musu hanya.

Abin da ake magana a kai

Tsarin ba shi da wuyar fahimta idan aka faɗe shi da Hausa. Ƙwaƙwalwa ita ce fada, a nan ake yanke hukunci. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86. Daga ƙeya laka ta zarce, ta bi ta cikin ramin ƙashin baya. Tantani uku ne suka lulluɓe su biyun, da wani ruwa garai-garai da ke kewaye da su yana kare su daga bugu.

Daga ƙwaƙwalwa jijiyoyi 12 suka fita a dama, 12 a hagu, su ne masu kula da gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da motsin fuska da harshe. Daga laka kuma 31 suka fita a kowane ɓari zuwa hannuwa da ƙafafu da gangar jiki. Wasu rahoto suke kawowa, na zafi da sanyi da taɓi. Wasu umarni suke kaiwa, na ɗagawa da takawa da riƙewa. Akwai kuma masu aiki ba sai an umarce su ba, irin masu daidaita bugun zuciya da gumi da narkar da abinci. Yawancin zaren motsi suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin hagu na kai ke mulkin ɓarin dama na jiki.

Duk wannan bayani ban ari kalma ko ɗaya daga littafin likitanci ba. Kowane mahauci a kasuwar Sara ya san laka, ya san bambancinta da ɓargo, ya san tantanin da ke kan ƙwaƙwalwar rago. Ashe kayan gini muna da su. Abin da muka rasa shi ne yarjejeniya a kan wace kalma za ta ɗauki wane kaya.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan ruɗani ba

Akwai masu cewa Hausa ce ta gaza, ilimin likita ya fi ƙarfinta. Tarihi bai goyi bayansu ba. Kalmar 'neuron' da Turawa suka gina sunayen wannan fanni a kanta, a tsohon Girkanci igiyar nama take nufi, har da tsirkiyar baka. Su ma jijiya ɗaya suke da ita mai ɗaukar kaya da yawa, sai da masana irin su Herofilus na birnin Iskandariya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka rarrabe zaren saƙo da igiyar tsoka da hanyar jini. Kalmar Larabci 'asab' ita ma ta haɗa ma'anonin nan biyu, na zaren saƙo da na igiyar nama.

Da aka tashi mayar da littattafan likitancin Girka zuwa Larabci a Bagadaza, mafassara irin su Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, zama suka yi suka tace kalmomi daga harshen da mutane ke magana da shi. Sunayen da ɗalibanmu na aikin jinya ke haddacewa yau na tantanin ƙwaƙwalwa, 'dura mater' da 'pia mater', fassarar Latin ce ta sunayen da likitocin Larabawa suka sa, ma'ana 'uwa mai tauri' da 'uwa mai taushi'. Shi kansa sunan fannin a Turai sai a 1664 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya ƙirƙiro shi. Duk harshen da ka ga yana da sunayen likitanci tsaf, wasu ne suka zauna suka yi masa aikin. Mu dai har yanzu ba mu yi wa namu ba a wannan fanni.

Sunan da ke nuna toka, ba ya nuna wuta

Illar rashin yin aikin ta fi fitowa fili a manyan cututtuka huɗu.

Ta farko ita ce shanyewar ɓarin jiki. Suna ne da ya siffanta abin da ido ke gani bayan ɓarna ta auku. Yana nuna hannu da ƙafa, alhali a kai gobarar take: jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, sashen da ya rasa jini ya fara mutuwa. Tunda sunan hannu ya nuna, hannun ake bi da shafe-shafe da gashi da turare. Tunda kuma 'shanyewa' aka ce, wanda bakinsa ne kawai ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, ba a ɗauka shi ma cutar ce ba, sai a ce iska ce ta buge shi, a jira. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe kuwa cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko ake bayar da shi, bayan an ɗauki hoton kai an tabbatar toshewa ce. Ko a inda babu wannan magani, isa asibiti da wuri na nufin a lura da hawan jini da suga, a hana majiyyaci shaƙewa da abinci ko ruwa, a fara gashin ƙashi na asibiti da wuri. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka gudanar a Nijeriya da Ghana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo wannan cuta. Da sunan ya ƙunshi jini da ƙwaƙwalwa, da mai hawan jini ya ga kansa a ciki tun bai faɗi ba.

Ta biyu ita ce jijjigar masu ciki. A nan Birnin Kudu tana da shaidarta a rubuce. A 2007 likitocin mata suka wallafa nazarin haihuwar da aka yi a FMC Birnin Kudu cikin 'yan shekaru, suka gano kusan mace ɗaya cikin kowace goma da suka haihu a asibitin ta gamu da jijjiga, kuma cutar ce ta yi sanadin fiye da kashi 40 cikin 100 na mace-macen masu juna biyu da aka samu a wurin. Mafi yawan matan ba su yi awon ciki ba, da yawa kuma a makare aka kawo su. Talauci da nisan hanya suna da kasonsu, amma suna ma yana da nasa. Kalmar 'jijjiga' ba ta gaya wa miji ko uwar miji cewa hawan jini ne ya hau kan ƙwaƙwalwa ba. Ba ta gaya musu cewa matsanancin ciwon kai, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu, da ciwo a ƙahon zuci su ne 'yan aiken da ke riga ta zuwa ba. Alhali maganin sananne ne mai araha, allurar maganiziyam salfet. Da aka shigar da ita wasu asibitoci goma na Jihar Kano a 2008, mace-macen matan da suka kamu ya sauko daga kusan kashi 21 zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 100. Sai dai allura ba ta bin mace gida. Sai an gane ciwon an kawo ta.

Ta uku farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ke fama da ita a duniya, kuma kusan bakwai cikin goma za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan suka samu magani yadda ya kamata. A wurinmu kuwa sunan ya taho da kaya: wai yawun mai ita na yaɗa ta, wai a cusa masa cokali a baki, wai kada a aure shi. Duka ukun ba su da tushe. Tartsatsin lantarki ne ke tashi a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Abin da ake yi wa mai faɗuwa shi ne a janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa komai a bakinsa, idan kuma jijjigar ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Wani ruɗanin kuma shi ne yadda ake haɗa farfaɗiya da jijjigar da zazzaɓi mai zafi ke sa yara, da wadda zazzaɓin cizon sauro ke kawowa idan ya taɓa ƙwaƙwalwa. Uwar da ke tsoron a ce ɗanta mai farfaɗiya ne tana iya ɓoye jijjigar da ke buƙatar asibiti a daren.

Ta huɗu sanƙarau. Wannan suna ne da ya zauna, kowa ya san shi, Jigawa kuma ta san shi fiye da kowa a 'yan shekarun nan. Tsakanin Oktoban 2022 da Afrilun 2023, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka yi zargin sun kamu a duk faɗin Nijeriya daga Jigawa suke, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. A Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na cutar, Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Amma ko wannan suna mai kyau yana da giɓi. Wuya yake nunawa, alhali kumburin a tantanin ƙwaƙwalwa da laka yake. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa, sai dai ya ƙi nono, ya yi laushi ko kuka ba ƙaƙƙautawa, maɗigarsa ta kumbura. Mai jiran ganin sanƙararren wuya zai iya makara.

A kan wannan cuta ne kuma ake yawan samun tirjiya idan likita ya ce zai ɗebi 'ruwan baya' don gwaji. A kunnen uba, an ce za a zuƙe wa ɗansa laka ke nan, ya gurgunce. Da za a gaya masa cewa a ƙasan inda laka ta ƙare ake sa allurar, ruwan da ke kewaye da ita ake ɗiba ɗan kaɗan, jiki kuma yana samar da kusan rabin lita na wannan ruwa a kullum, da an samu yardarsa cikin sauƙi. Jimla uku ce kacal, amma sai an tanade su tun kafin daren da za a buƙace su.

Wane ne 'likitan ƙwaƙwalwa'?

Ko sunan masu maganin bai tsira ba. Likitan da ke duba farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da karkarwar tsufa, likitan ƙwaƙwalwa muke ce masa. Mai buɗe kai ya cire ƙari ko gudan jini, likitan ƙwaƙwalwa. Mai duba damuwa da taɓin hankali, shi ma likitan ƙwaƙwalwa. Fannoni uku ne mabambanta, kowanne da horonsa. Sai ga shi idan aka ce wa magidanci an tura 'yarsa mai yawan ciwon kai wajen likitan ƙwaƙwalwa a Kano, abin da ke faɗo masa shi ne Dawanau, da abin da maƙwabta za su ce, da batun aurenta. Takardar turawa sai ta kwana a aljihun riga. Ƙyamar masu taɓin hankali kuskure ce da ke buƙatar nata yaƙin, amma kafin a ci wannan yaƙi bai kamata kalma ɗaya ta riƙa hana mutane zuwa wajen likitoci iri uku ba.

Mun taɓa yi, ya kuma yi kyau

Hausa ta sha nuna cewa tana iya sa wa cuta sunan da ke jan mutum zuwa ga magani. Dubi 'zazzaɓin cizon sauro'. Kalmomi uku ne, amma sun faɗi alama, sun faɗi sanadi, sun kuma nuna gidan sauro ba tare da an yi lacca ba. Dubi 'hawan jini', da ya shiga bakin kowa har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana cewa a auna mata. Dubi 'yoyon fitsari', wanda ya mayar da abin da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki ya zama lalurar da ake yi wa ɗinki, har mata ke tururuwa zuwa asibitin Jahun a nan Jigawa.

Dubi kuma ɗaya gefen. 'Shan inna' suna ne da ya ɗora laifin a kan wata iska da ake kira Inna, wai ita ke shanye ƙafar yaro, alhali ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki ta lalata ƙwayoyin motsi a cikin laka. Ba zan ce sunan ne ya jawo ƙauracewa rigakafin da aka yi a Kano a 2003 zuwa 2004 ba, wannan yana da nasaba da siyasa da rashin yarda, da tabon gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Amma wanda ya yarda iska ce ke shanye ƙafa, da wuya ya ga abin da ɗigon magani a baki zai hana. Sai da sarakuna da malamai da dubban mata masu bi gida-gida suka yi shekaru suna bayani kafin a kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, lokacin da aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji.

Wasu ƙasashen ma da gangan suka gyara sunayen. Koriya ta Kudu ta sauya tsohon sunan farfaɗiya mai ɗauke da ƙyama zuwa wani da ke nufin matsalar lantarkin ƙwaƙwalwa. Japan ta sauya sunan wata babbar cutar taɓin hankali a 2002 saboda irin wannan dalili.

Masu ja da wannan magana

Za a ce likitoci da na'urori muke buƙata, ba ƙamus ba. Gaskiya ne ƙwararrun wannan fanni sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, kuma a manyan birane suka taru. To ai wannan ƙarin hujja ce. Idan ƙwararre na Kano, ma'aikacin ƙaramin asibiti a Farin Dutse ko Kangire shi ne idon farko, uwa da miji kuma su ne masu yanke shawarar a tashi ko a kwana. Horar da ƙwararre na cin shekaru, sayen na'ura na cin miliyoyi. Daidaita kalmomi ɗari kuwa aikin 'yan watanni ne.

Za a ce an sha ƙirƙiro kalmomi suna mutuwa a cikin littattafai. Wannan ma gaskiya ne. Tun daga ƙamusun Bargery na 1934 zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 an yi wa Hausa hidima mai yawa, an kuma yi tarukan ƙirƙirar kalmomin fannoni. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda aka ɗauko daga bakin mutane, rediyo ta yi ta maimaita su. Waɗanda aka ƙera a ɗakin taro ba a gwada su a kasuwa ba, a nan suka tsaya. Wannan darasi ne a kan yadda za a yi aikin.

Za a kuma ce wannan shiga hurumin imani ne, ana so a raba mutane da addu'a da ruƙiya. Ko alama. Babu mai hana a yi wa mara lafiya addu'a, a cikin mota ma ana yi, a bakin gadon asibiti ma ana yi. Abin da ake nema shi ne kada sunan cuta ya sa a kwana uku a gida da mace mai jijjiga.

Kuma maganar ba ta alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da majiyyaci halin da yake ciki da zaɓin magungunan da ke akwai, cikin harshen da yake fahimta gwargwadon iko, tare da la'akari da zurfin karatunsa. Wanda ya dangwala yatsa a takardar amincewa da tiyatar da bai fahimta ba, da wuya a ce ya amince.

Abin da nake ba da shawara

A fara da ƙarami. Kalmomi ɗari zuwa ɗari da hamsin sun isa, waɗanda suka shafi ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi, kowace da jimla ɗaya ko biyu ta bayani. FMC Birnin Kudu da kwalejin jinya su jagoranta, su gayyato masana harshe daga Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Bayero, da malaman likitanci na Jami'ar Tarayya da ke Dutse. A teburin a ajiye kujerun mahauta da wanzamai da maɗora da ungozomomin gargajiya, domin a bakinsu tsoffin sunayen sassan jiki suke, kuma wajensu mara lafiya ke fara zuwa.

A raba wa jijiya kayanta. 'Jijiyar jini' ta riga ta zauna. A bar 'jijiyar nama' ga mai haɗa tsoka da ƙashi. Zaren da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa da laka kuma ina ganin 'jijiyar saƙo' ta dace da shi, a raba ta gida biyu, ta ji da ta motsi. A ce 'likitan ƙwaƙwalwa da laka', da 'likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka', da 'likitan lafiyar tunani'. Kada a yi ƙoƙarin kashe sunayen da suka zauna, a dai ɗaura musu bayani: 'toshewar jini a ƙwaƙwalwa' ko 'fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa' kusa da shanyewar ɓarin jiki, 'jijjigar hawan jini ta masu ciki' dabam da 'jijjigar zazzaɓi ta yara'. Turawa suna da wata kalma mai harufa huɗu ta tuna alamomin toshewar jini a ƙwaƙwalwa, amma ba ta da ma'ana a kunnen Bahaushe. Tamu mai sauƙi ce: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, a nemi mota.

Waɗannan shawarwarina ne, kasuwa ce za ta yi alƙalanci. A ɗauki kowace kalma a kai ta layin awon ciki a Gwaram, da tashar 'yan acaɓa a Birnin Kudu, da rugagen Fulani, a tambayi mutane abin da suka fahimta. Wadda aka fahimta a karkace a jefar da ita, ko da farfesa ne ya kawo ta. A yi kwafin Fulatanci tun daga farko, kada a bar shi sai an tuna.

Daga nan a shigar da jerin cikin darasin ɗaliban jinya da ungozoma da na kwalejin kimiyyar lafiya ta Jahun, a riƙa jarraba ɗalibi a kan yadda zai yi wa tsohuwa bayanin ciwon jikanta da Hausa, kamar yadda ake jarraba shi a kan sunayen Latin. A miƙa wa Rediyo Jigawa da sauran gidajen rediyon Dutse don bakinsu ya zo ɗaya. A naɗi gajerun saƙonnin murya da za su yi yawo a WhatsApp, a kuma rubuta da boko da ajami a manna a bangon kowane ƙaramin asibiti. 'Yan jarida ma da namu kason, domin mu ne muka fi kowa rubuta 'ciwon jijiya' da 'matsalar ƙwaƙwalwa' ba tare da tambayar wanne ake nufi ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai an jira Abuja ko wata ƙungiyar ƙasashen waje ta kawo kuɗi da takarda ba. Ma'aikatan suna nan, ɗaliban suna nan, masu harshen suna nan, marasa lafiyar kuma kullum suna kan benci suna jiran bayani. Idan Birnin Kudu ta yi aikin ya yi kyau, Haɗeja da Azare da Katsina da Maraɗi za su ɗauka ba sai an roƙe su ba. Kafin zafin bazara mai zuwa ya kawo lokacin sanƙarau, ya kamata a ce shafin farko na wannan jeri yana manne a bango.